Yadda Mulkin Ingilishi Ya Yaɗu, da Yadda Ya Zauna a Bauchi

Sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni an kai ni wata makarantar firamare a unguwar Ɗan Iya, cikin birnin Bauchi, aka ba ni aji shida. Ran nan ina ba su labarin zuwan Turawa, na ce musu a cikin shekarar 1902 ne Turawan Ingila suka ci Bauchi. Sai wani yaro da ke zaune can baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, in dai sun ci garin, yaya aka yi har yau ga Sarki nan a fada?" Na ba shi amsar nan da dukanmu muka haddace domin jarrabawa, watau Turawa sun yi mulki ne ta hannun sarakuna. Yaron ya zauna, amma na ga alamar bai ƙoshi ba, ni ma da na ba da amsar ban ƙoshi ba. Wannan ne ya sa na koma ɗakin karatu na kwana biyu ina bincike, ga kuwa abin da na tattaro, ko ya amfani 'yan'uwana ɗalibai da za su tsaya gaban aji irin wannan.

Abu na fari da ya kamata mu sani shi ne, dabarar da aka zo da ita Bauchi tsohuwa ce, an gwada ta a wata ƙasa tun shekaru ɗari da suka wuce kafin a zo nan. Saboda haka sai mu fara leƙawa Indiya. A ƙarshen shekarar 1600 Sarauniyar Ingila Alisabatu ta ɗaya ta ba waɗansu attajiran Landan takardar izni su yi ciniki a ƙasashen gabas, suka kafa Kamfanin Gabashin Indiya. Da farko fatake ne kurum, suna roƙon sarakunan ƙasar filin da za su gina rumbunan ajiye kaya a bakin teku. Amma rumbu yana bukatar mai gadi, sai suka ɗauki 'yan ƙasa suka koya musu harbi. Da masu gadi suka yi yawa suka zama runduna, sai kamfani ya shiga sa baki cikin rigimar gadon sarauta, yana goyon wannan yana ka da wancan. A 1757 suka ci yaƙin Filasi a ƙasar Bengal, a 1765 kuma babban sarkin Indiya ya ba su ikon karɓar harajin Bengal ɗin. Ku lura da wannan shekara. Tun daga ran nan kamfani ya shiga biyan sojansa da kuɗin mutanen da ya ci, yana kuma cin waɗansu ƙasashe da sojan.

Ba kowace ƙasa ce kamfani ya karɓe sarautarta ba. Wurare da yawa ya bar sarki bisa gadonsa da tamburansa da fadawansa, ya yi alkawari da shi cewa zai tsare shi daga abokan gaba, shi kuwa sarki ya biya kuɗin sojan, ya kuma yarda wani Bature ya zauna kusa da fadarsa yana ba shi shawara. Sarkin Haidarabad ya shiga irin wannan alkawari a 1798. Baturen nan mai zama kusa da fada shi ne ake kira Razdan, sunan da kakanninmu suka zo suka sani a nan. Bayan babban tawayen 1857 gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfani a 1858, amma ta bar sarakunan nan, sun fi 500, har ran da Indiya ta sami mulkin kai a 1947.

Akwai wani darasi kuma da Ingila ta koya daga yamma. Mutanenta sun fara zama a Amurka a 1607, amma da ta matsa musu da haraji alhali ba su da wakili a majalisarta, sai jihohi goma sha uku suka ɓalle a 1776. Daga baya ta sassauta wa ƙasashen da 'ya'yanta suka cika, irin su Kanada a 1867 da Ostireliya a 1901, ta bar su da majalisunsu. Ƙasashen baƙar fata kuwa sai a aiko musu da Gwamna, shi kuma yana amsa umurni daga Sakataren Ƙasashen Mallaka a Landan. Ka'idar da baitulmalin Ingila ya riƙe ita ce kowace ƙasar mallaka ta ɗauki nauyin kanta, kada a ɗora wa mai biyan haraji na Ingila. Wajen 1920 daular ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ƙasar duniya, aka kuwa riƙe ta da mutane kaɗan ainun. A Indiya manyan ma'aikatan mulki sun ɗan haura 1,000 ne kawai, bisa mutum miliyan 300. A Nijeriya, gab da yaƙin duniya na biyu, Razdan da Di'o da mataimakansu duka ba su kai 400 ba, bisa mutum kamar miliyan 20.

To, bari mu komo gida. A nan ma da kamfani aka fara. Ingila ta kama Ikko, watau Legas, a 1861. Can bisa kogin Kwara kuwa wani Bature mai suna George Goldie ya haɗa kan kamfanonin Ingilishi masu sayen manja a 1879, ya saye na Faransa da ke takara da shi. Da manyan ƙasashen Turai suka zauna a Balin daga 1884 zuwa 1885 suna tsara yadda za a raba Afirka, Ingila ta nuna cewa ciniki a kan Kwara duk nata ne. A 1885 aka aiko Joseph Thomson ya kai wa Sarkin Musulmi Umaru takardar alkawari. Fadar Sakkwato ta ɗauke ta iznin ciniki aka nema, kamfani kuwa ya kai ta Turai ya ce ga shaida an ba shi ƙasa. A 1886 ya sami takardar Sarauniya ya zama Kamfanin Neja, mai soja da kotu da kuɗin fito. A 1897 ya yaƙi Bida da Ilori. Da takara da Faransa ta yi zafi har abin ya fi ƙarfin kamfani, sai gwamnati ta biya shi fam 865,000 ta karɓi mulkin. Ran 1 ga watan Janairu 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, mai ɗaga ta kuwa shi ne Lugard, wanda mutanenmu ke kira Gwamna Lugga. A Indiya aka haife shi, a 1858, ya kuma yi aikin soja a can da Bama da Sudan da Yuganda kafin ya zo nan. Ashe ke nan ya san Razdan tun a Indiya.

Tutar da aka ɗaga a Lakwaja magana ce kawai, ƙasar tana hannun masu ita. Sai aka bi ta gari gari. A 1901 aka ci Kwantagora da Bida da Yola. A watan Fabrairu 1902 Kanar Morland ya iso ƙofar Bauchi da runduna, tare da William Wallace, mataimakin Lugga. Garin nan da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa a 1809 ya kewaye shi da ganuwa, ba a yi yaƙi a bakinsa ba. Manyan gari sun ji abin da bindiga mai ruwa ta yi a Yola, in kuwa ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Aka buɗe ƙofa. Duk da haka Turawa suka tuɓe Sarki Umaru, wanda ya yi sarauta tun 1883, suka kafa hujja da kisan da aka yi a Gwaram da kuma kamun bayi. Aka naɗa Mu'allayidi, bai daɗe ba ya rasu, aka naɗa Hassan, bayansa kuma Yakubu na biyu, wanda ya riƙe sarauta daga 1907 har 1941. Aka bar wani Bature mai suna Temple ya zama Razdan na fari. Morland ya wuce gabas, ya kama Malam Jibrilla a ƙasar Gombe, ya zarce Barno. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, a watan Yuli kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi tare da jama'a mai yawa da suka bi shi hijira.

In yaro ya tambaye ku su wane ne sojan nan, kada ku ce Turawa ne. Rundunar da ta ci Kano, Turawan cikinta ba su kai 40 ba, sauran kamar 700 baƙar fata ne, da yawansu kuwa Hausa suke ji. Tun a shekarun 1860 aka fara ɗaukar Hausawa aikin bindiga a Ikko, aka kai su har yaƙin Ashanti. Yadda aka ci Indiya da Indiyawa, haka aka ci ƙasarmu da 'ya'yanta.

Yanzu sai tambayar yaron nan. Me ya sa aka bar Sarki? Dalili na kusa shi ne Lugga ba shi da mutane, ba shi da kuɗi. Arewa ba ta da bakin teku balle ta sami kuɗin fito, tilas Landan ke cika mata gibi kowace shekara, waɗansu shekarun abin ya wuce fam 300,000, ana bayarwa ana gunaguni. Ga shi kuwa ya tarar da sarakuna masu hakimai da dagatai da alƙalai da malamai masu rubutu, mutane sun saba da biyan zakka da kuɗin ƙasa da jangali. Wanda ya tarar da gida ginanne da rufinsa, ga damina ta kawo kai, ba zai rushe shi ba. Sai ya shiga, ya karɓi mabuɗin.

Mabuɗin kuwa guda biyu ne, naɗi da haraji. A kan waɗannan nake so mu dakata, domin a nan ne amsar jarrabawa take gajarta.

Dā, in Sarkin Bauchi ya rasu, masu zaɓe su zaɓa, Sarkin Musulmi ya tabbatar daga Sakkwato. Sarki yana kai gaisuwa Sakkwato, yana kuma shakkar manyan bayinsa da 'yan'uwansa 'yan sarki da malaman gari, domin in ya ɓata da su duka, zama bisa gado zai yi wuya. Talaka ma in an matsa masa yakan kwashe iyalinsa ya ƙaura zuwa wata ƙasa. Da Lugga ya tsaya a Sakkwato a watan Maris 1903 ya bayyana wa manya a fili cewa ikon da suka samu da takobi ya koma hannun Ingila da takobi, watau ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon sa haraji, da ikon ƙasa. Ya kuma yi alkawari ba za a taɓa addini ba. Daga ran nan sarki sai ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, a ba shi takardar naɗi da sanda. Ba ya da soja, ba ya sa sabon haraji, hukuncin kisa ba ya tabbata sai Gwamna ya yarda, shawarar Razdan kuwa sunanta shawara amma ba a ƙin ta. Sai dai ku duba ɗaya gefen. Wanda Razdan ya yarda da shi, babu sauran mai iya girgiza shi daga ƙasa, domin bayansa akwai bariki. Aka rage wa sarki ƙarfi ta sama, aka ƙara masa ta ƙasa. Da mutanen Satiru suka yi tawaye a 1906, fadar Sakkwato ta tsaya tare da Turawa, aka shafe garin. Tun daga nan Turawa suka ƙara sakankancewa cewa zamansu lafiya yana tare da zaman sarakuna.

Batun haraji kuma, dā kashi kashi ne, akwai zakkar hatsi, da kuɗin ƙasa, da kuɗin karofi na marina, da na maƙera, ana biya da wuri ko da dame ko da tufa. Hakimai suna zaune cikin birni kusa da fada (sunan unguwar da na koyar ma, Ɗan Iya, sunan sarauta ne), ƙauyukansu a warwatse, ɗaya nan ɗaya can, jakadu ke zuwa karɓo musu, kowa kuwa yana ɗan gutsura kafin ya iso. Dokar haraji ta 1906 ta tattara waɗannan ta mai da su guda, ban da jangali. Aka yanka ƙasa gunduma gunduma, aka fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya je ya zauna cikin gundumarsa, aka kawar da jakadu. Di'o yana fita rangadi bisa doki yana ƙidaya gidaje da gonaki da shanu. Sa'an nan aka kafa Baitulmali, wanda Razdan Palmer ya fara a Katsina, zuwa 1911 kuma ya bazu cikin manyan masarautu. Abin da aka tara sai a raba, rabi na Gwamnati, rabi na En'e. Daga rabin En'e ake biyan Sarki da hakimai da alƙalai da dogarai albashi, abin da ya ragu a yi hanya da rijiya da makaranta. Sarkin da dā shi ke rabawa, yanzu ya zama mai jiran ƙarshen wata, sunansa na cikin takardar biya tare da na malamin asibiti.

Gaskiya ne wannan tsari ya rage waɗansu irin ƙwace na dā, kuma Baitulmali ya koya wa mutanenmu da yawa lissafi da riƙon littafi. Amma da aka ce sai da sule da kwabo za a biya, ba da wuri ko hatsi ba, manomi ya shiga neman inda kuɗin Bature yake. Yana wurin gyaɗa da auduga, yana kuma ramukan kuza na tsaunin Jos, wanda har 1926 cikin Lardin Bauchi yake. Abin dariya, ƙaramin jirgin ƙasa da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, aka gama a 1914, sunan Bauchi aka sa masa, amma bai taɓa zuwa garin Bauchi ba, kuza ya je ɗauka. Jirgi bai iso mu ba sai 1961, bayan an sami mulkin kai. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka ɗebi dubban mutane aikin tilas a ramukan nan, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Ba Bature ne ya shiga ƙauye ya nuna wanda zai tafi ba. Hakimi aka yanka wa adadi, shi ya yanka wa dagaci, dagaci ya yanka wa mai unguwa. Wanda aka ɗauke wa ɗa, fuskar mai unguwa ya gani.

Bauta ma a hankali aka bi ta. An hana harin bayi, an rufe kasuwanninsu, aka ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu 1901 ɗa ne. Amma waɗanda ke hannu an bar su su fanshi kansu a gaban alƙali, don kada gonakin manya su mutu haraji ya faɗi. Ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936.

Akwai wani gefe da littattafanmu ke wucewa da sauri, mu kuwa da muka yi karatu a makarantun mishan na kudancin Bauchi mun taso muna jin sa. Ba dukan mutanen lardin nan ne Musulmi ba, ba kuma dukansu ne suka bi Bauchi kafin 1902 ba. Waɗansu suna da amana da ita suna ba da gandu, waɗansu suna bisa duwatsunsu ba a taɓa cin su ba. Hana hari alheri ne babba a gare su, babu mai musun wannan. Amma da yake Bature yana son sarki guda da zai riƙa tambaya, inda bai sami babban sarki ba sai ya sa jama'a ƙarƙashin hakimin da aka aiko daga birni, waɗanda suka ƙi haraji kuwa a aika musu soja a ƙone gari. Koke-koken Sayawa na neman sarautar kansu yana da saiwa a nan, maganar da ta kai har ga zubar da jini a Tafawa Ɓalewa a 1991. Haka kuma, saboda alkawarin addini da gudun ɓata wa sarakuna rai, aka tsare 'yan mishan daga biranen Musulmi aka bar su su yi aiki cikin sauran kabilu. Gwamnati kuma ba ta buɗe makarantu da yawa a madadinsu ba. Ta Ɗan Hausa a Nasarawar Kano ta fara a 1909, Kwalejin Katsina a 1921, ta horon malamai a Toro a 1929, yawancin abin da ake nema kuwa 'ya'yan sarakuna ne da malaman da za su riƙe ofisoshin En'e. Temple, Razdan ɗinmu na fari, wanda ya zama Mataimakin Gwamna mai riƙe da Arewa daga 1914 zuwa 1917, yana cikin masu tsananin ra'ayin a bar mutane yadda aka same su. A ganina, abin da aka fara saboda rashin kuɗi, su Temple ne suka mai da shi kamar aƙida. Har aka ɗauki tsarin daga nan aka kai waɗansu ƙasashe, kamar yadda Gwamna Cameron ya yi a Tanganyika daga 1925.

Abin da zai faranta wa ɗaliban kwalejin malamai rai shi ne, masu alli ne suka fara tuhumar tsarin nan a fili, a garin nan kuwa. A 1943 aka buɗe wata majalisar taɗi a Bauchi, inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta da Turawan mulki ke zama suna muhawara. Cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin, da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, su biyun malamai ne a Makarantar Midil ta Bauchi. Suka tattauna mulki ta hannun sarakuna kansa, har aka kai ga tambayar abin da ake dubawa kafin a yanka wa sarki albashi. Ba a daɗe ba aka rufe majalisar. A watan Agusta 1950 Malam Abubakar ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya kawo shawara a binciki tsarin En'e a gyara shi, domin talaka ba shi da murya a ciki. Sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba, amma shawarar ta wuce. Dokar 1952 ta hana sarki zama En'e shi kaɗai, ta ce sai tare da majalisarsa, dokar 1954 ta ƙara buɗe ƙofa ga zaɓaɓɓu. Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, Nijeriya kuma ran 1 ga Oktoba 1960, malamin Midil ɗin nan yana Firayim Minista. Ikon naɗi da tuɓewa bai koma inda yake kafin 1902 ba, ya wuce ne daga hannun Gwamna Bature zuwa gwamnatin Kaduna, daga baya kuma zuwa gwamnonin jihohi. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe littafinta.

Kafin in bar Ɗan Iya na roƙi malamin ajin ya ƙara mini darasi guda. Na zana tsani a allo, mai unguwa a ƙasa, sa'an nan dagaci, hakimi, Sarki, a gefe kuma na rubuta Di'o daura da hakimi, Razdan daura da Sarki, Gwamna a bisa duka. Na ja kibiya da jan alli tana hawa, na ce wannan kuɗi ne, na ja wata da fari tana sauka, na ce wannan umurni ne. Na sa yara su tambayi tsofaffin gidajensu ko akwai mai sauran takardar haraji ko ta jangali a ƙasan adaka, washegari biyu suka zo da su. Yaron nan na baya ya daɗe yana duban allo, sa'an nan ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to shi Gwamnan, wa ke tuɓe shi?" Na ƙara wani mataki a can sama na rubuta Landan, aka kaɗa ƙararrawa.